Aikin kwamfuta, gem da littafin almara: yadda za ka raba musu yini ɗaya a Akra

Matashin da ke cin abinci da kwamfuta a Akra, ko manhaja yake rubutawa, ko na'urorin ofis yake gyarawa, ko sabar wani kamfani yake gadi, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanansu, sau da yawa za ka tarar yana da wasu abubuwa biyu da ransa ke so bayan aikin: buga gem, wato wasan kwamfuta ko na waya, da karanta labaran almara masu sarakuna da matsafa da dodanni. Ban ga laifin ko ɗaya a cikinsu ba. Damuwata ita ce ukun nan abu ɗaya suke ci, wato ido da natsuwa da barci, kuma wanda bai tsara musu ba zai wayi gari yana gyangyaɗi a gaban maigidansa, littafin da ya saya tun bara yana nan a shafi na 40.

Kafin a shiga matakai, riƙe wannan: kada ka ce za ka raba musu lokaci daidai wa daida, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Aiki yana bin ka har gida, sai an rufe masa ƙofa. Gem an gina shi ne yadda ba zai ƙare da kansa ba, sai an yanka masa iyaka. Karatu kuwa ba ya kira, ba ya aiko da sanarwa, shi ya sa kullum shi ake fara dannewa, kuma shi ne ke buƙatar a tsare masa wuri. Da “kai” nake magana don sauƙi, amma 'yan'uwa mata da ke wannan sana'a, da ku nake.

Mataki na farko: san inda makonka ke tafiya

Mako guda awa 168 ne. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta sa aiki awa 8 a rana, 40 a mako, ko da yake kowa ya san ma'aikacin kwamfuta yakan zarce. Cire 40. Cire barci awa 7 kowane dare, 49 ke nan. Idan daga Madina kake zuwa Osu, ko daga Nima zuwa Spintex, sa awa 2 a rana na trotro, ƙananan bas ɗin haya na gari, 10 a mako. Salla da wanka da cin abinci da gaishe-gaishe, a ce awa 3 kullum, 21. Abin da ya rage 48 ne. Cikinsa akwai aure da suna da ta'aziyya na Asabar da Lahadi, da wanki, da cefane, da koyon sabon abu na sana'a wanda ba makawa sai an yi. Idan ka tsira da awa 20 naka na kanka, ka gode wa Allah.

Wannan lissafin misali ne, naka za ka yi. Kwana bakwai kada ka canja komai, ka dai duba. Wayar Android tana da Digital Wellbeing, iPhone tana da Screen Time, Steam, manhajar gem ta kwamfuta, da na'urar PlayStation kuma suna nuna awannin da ka yi a kowane wasa. Rubuta abin da suka nuna a takarda. Mafi yawan mutane a nan suke gano cewa ɓarawon ba gem ba ne kaɗai, akwai TikTok da hirar WhatsApp da ke shiga tsakanin komai da komai.

Mataki na biyu: ɗaure kowane abu a jikin lokacin salla

Muna da wata dama a Akra da mutanen Turai ba su da ita. Garin yana kusa da tsakiyar duniya, don haka rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 duk shekara, bambancin bai kai rabin awa ba gaba ko baya. Ghana kuma ba ta ja da agogo rani da damina. Ke nan salloli biyar ɗin nan kamar turaku ne da aka kafa a yini, ba sa motsi sosai, sai ka ɗaure kowane abu a nasa turken. “Zan yi karatu da ƙarfe 5:30” alkawari ne da ake mantawa. “Zan yi karatu da na dawo daga asuba” yana da mai tunatarwa, ladanin unguwa.

Ga yadda nake ba da shawara a yi. Bayan asuba, kafin a fita neman mota, lokacin kai ne a wartsake: ko dai karatun sana'a, ko shafuka kaɗan na littafi. Daga hantsi zuwa la'asar na aiki ne zalla. Tsakanin magariba da isha na gida ne, na iyaye da iyali da tuwo, waya a aljihu. Bayan isha sai gem.

A nan ne gaskiya ke da ɗaci. Isha tana kamawa tsakanin ƙarfe 7 da 7:30. Wanda zai tashi asuba wajen 4:45 kuma yana son barcin awa 7, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da likitoci ke so ga baligi, dole ya kwanta kafin ƙarfe 10. Tazarar da ke hannunka ba ta fi awa biyu ba. In kana komawa barci bayan asuba, kana iya ja zuwa 10:30. Fiye da haka bashi kake ci, kuma a wurin aiki za ka biya.

Mataki na uku: rufe aiki yadda ake rufe shago

Minti goma kafin ka tashi, rubuta abu uku: inda ka tsaya, abin da ya gagara, da abin da za ka fara da shi gobe. Ƙwaƙwalwar mai rubuta manhaja ba ta sakin matsalar da ba a warware ba, tana ta juya ta har a kan tabarmar salla. In ka sauke ta a takarda, sai ta yarda ta saki.

Sai ka raba na'urori. Kwamfutar kamfani ba ta gem ba ce, ko da babu mai duba ka. Gem ɗin da aka fasa aka ɗora kyauta a intanet hanya ce sananniya ta shigar da manhajar sata, kuma idan bayanan abokan cinikin kamfani suka fita ta hannunka, akwai dokar kare bayanai ta 2012 da dokar tsaron intanet ta 2020 a ƙasar nan, ban da aikin da za ka rasa. Idan kwamfuta ɗaya gare ka kuma taka ce, buɗe asusu biyu a cikinta, ɗaya na aiki ɗaya na wasa, kowanne da kalmar sirrinsa. Ɗan wahalar fita daga wannan a shiga wancan yana hana hannu zamewa da tsakar rana.

Masu yi wa kamfanonin waje aiki daga gida su lura da agogo. Da London lokacinmu ɗaya ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran shekara suna gabanmu da awa 1. Najeriya kullum tana gabanmu da awa 1. New York tana bayanmu da awa 4 ko 5, don haka taronsu na ƙarfe 3 na rana zai same ka wajen isha. In haka aikinka yake, juya tsarin: gem ya koma hantsi ko ƙarshen mako, kada ka ce sai an gama taro ƙarfe 10 sannan za ka kunna. Makon da kake zaman ko-ta-kwana, wato kai za a kira in saba ta faɗi cikin dare, kada ka shiga wasan gasa da mutane a intanet. Buga wanda ake iya dakatarwa.

Mataki na huɗu: yanka wa gem iyaka

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Gem iri biyu ne a wajena. Akwai mai labari, wanda yake da farko da ƙarshe, kana iya ajiye shi ka dawo gobe ka ci gaba daga inda ka tsaya. Akwai kuma na gasa a intanet, irin su Call of Duty Mobile da Free Fire da PUBG Mobile da ƙwallon EA Sports FC, wanda a da ake ce wa FIFA kafin a canja suna a 2023, da eFootball. Wannan na biyun ba shi da ƙarshe. In ka ci, kana son ƙari. In an ci ka, kana son ramuwa. Masu ƙera shi sun san haka sarai, shi ya sa suka sa kyautar shiga kullum, da matsayi mai sauka in ka yi kwana biyu ba ka buga ba, da kakar wasa mai wa'adi da ke sa ka ji kamar ana tafiya an bar ka.

Dabara ta farko: ƙirga da wasa, kada ka ƙirga da minti. Wanda ya ce “minti 30 zan yi” ƙararrawa za ta buga yana tsakiyar wasa, ba zai tashi ba, daga nan kuma an wuce wurin. Ka ce “wasa uku”. Wasan ƙwallo ɗaya yana cin kusan kwata na awa, don haka uku ko huɗu sun cika awa guda. Faɗi adadin da baki kafin ka ɗauki abin bugawa, kuma ka yanke tun farko cewa ko an lallasa ka a na ƙarshe, ka tashi. Wasan ramuwa shi ne ke kai mutum ƙarfe 2 na dare.

Ta biyu: dare uku a mako sun isa, sai dogon zama ɗaya ranar Asabar. Zaɓi darenka tare da abokan wasanka, domin yawancin abin da ke jawo mutum ba wasan ba ne, saƙon “kana ina, saura kai” ne. In sun san Talata da Alhamis da Asabar ne kake fitowa, za su daina kira a sauran. Kashe sanarwar kowane gem a wayarka, duka, ba tare da togiya ba. Kyautar shiga kullum in ta wuce ka, ta wuce.

Ta uku, kuɗi. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ya sa sayen kayan cikin gem ya zama danna maɓalli biyu. Ware adadin sidin da za ka kashe a wata, ka cire katin banki daga asusun wasan yadda kowane saye sai ka shigar da lamba da hannu. Ka kuma yi nesa da akwatunan sa'a, waɗanda kake biya ba ka san ɗan wasa ko makamin da zai fito ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca tun 2018, kuma ni ban ga abin da ya raba su da caca ba. Daga nan zuwa shagon cacar ƙwallo taku kaɗan ne, kuma mun ga yaran Zango da suka bi ta wannan hanya.

Akwai kuɗin da ba a gani. PlayStation 5 tana jan wuta kusan wat 200 in ana wasa. Haɗa da talabijin, a ce wat 300. Awa 2 kowane dare ya zama yunit 18 a wata a kan mitar da kai ke sa mata kuɗi, ko kuma mitar gidan haya da ake rabawa, wadda kan jawo magana da maƙwabta. Sabunta gem kuma yakan cinye gigabait masu yawa. Bar shi ya sauka cikin dare da kansa in kana da datar dare mai rahusa, kai kuma kana barci.

Wani abu da ke ɓata rai a banza shi ne jinkirin saƙo. Sabar wasanni da yawa a Turai suke, don haka ɗan Akra yakan harba bayan ɗan Faransa ya riga ya kauce. Kada ka ƙona darenka kana neman matsayi a wasan da hanya ta riga ta cuce ka. Sa igiyar intanet kai tsaye maimakon Wi-Fi in da hali. In babu, wasan zaman tare ya fi: ku huɗu a ɗaki ɗaya ko a shagon gem na unguwa, ana shan ataya, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba. Irin wannan yana ƙarewa da kansa, domin mai shago zai rufe, kuma zumunci ne na gaske. Wanda ke son ganin abin da 'yan gida ke ƙerawa ya nemi wasannin Leti Arts, kamfanin da aka kafa a 2009 wanda ke ɗauko jarumansa daga labaran Afirka.

Mataki na biyar: tsare wa karatu wurinsa

Littattafan almara kauri gare su, shafi 600 ba abin mamaki ba ne, kuma sukan zo kashi uku ko bakwai. Kaurin ne ke kashe gwiwa. Amma shafi 20 a rana ya gama shafi 600 a wata ɗaya, kuma shafi 20 bai fi rabin awa ba ga mai matsakaicin sauri. Littafi goma sha biyu ke nan a shekara, ba tare da ka taɓa lokacin kowa ba.

Rabin awar nan tana cikin trotro. Cunkoson Circle da na hanyar Madina sun riga sun ɗauke maka lokacin, sai ka karɓi abinka. In karatu cikin mota na sa ka jiri, saurara da kunne: akwai littattafai na sauti, akwai masu karanta littattafan Hausa na yaƙi da aljanu a YouTube, ka sauke su a gida kafin ka fito. In waya za ka riƙe, kada ka zauna bakin taga da gilashi a buɗe.

Wuri na biyu shi ne kan gado, minti 20 kafin barci, kuma a nan takarda nake so. Idon da ya wuni a kan allo ya kuma buga gem bai kamata ya kwanta da allo ba. Littafin takarda ba ya kawo saƙon ofis. Sai dai shi ma yana da tarkonsa, domin marubutan almara sun iya yanke babi a daidai inda jarumi ke rataye. Maganinsa: tsaya a tsakiyar babi, inda labari ya lafa, ka sa alama ka kashe fitila.

Littafi ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ka kai shafi 80 bai kama ka ba, ajiye shi ba tare da jin nauyi ba, ba jarrabawa za ka rubuta ba. Saye sabo yana da tsada, amma akwai masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, akwai ɗakunan karatu na Hukumar Laburare ta Ghana, akwai Project Gutenberg mai tsofaffin littattafai kyauta bisa halal. Mafi sauƙi shi ne ku haɗu ku uku, kowa ya sayi kashi ɗaya, ku riƙa musaya.

Wasu iyaye na jin tsoron littafi mai hoton dodo ko maganar sihiri. Kada ka yi musu gardama. Tuna musu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kakanninmu suka yi mana, da Ananse na maƙwabtanmu Asante. Ƙirƙira ce da kowa ya san ƙirƙira ce. Sai dai kai ma ka tace, ba kowane littafi ne ya dace a bar shi inda ƙannenka za su ɗauka ba.

Mataki na shida: shirya wa ɗaukewar wuta da intanet

Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 ba ya buƙatar dogon bayani. Ka'ida ɗaya ce: cajin da ke cikin laftof da fawa-bank na aiki ne. In wuta ta tafi da dare, gem ya faɗi, littafi ya hau, da 'yar fitila mai caji. Ajiye layi biyu na kamfanoni daban. Ko hakan ma ba ya isa kullum, domin ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke, Ghana da maƙwabtanta suka shiga wahala kwanaki. Saboda irin wannan rana, a ce kullum akwai takardun aikinka a sauke cikin kwamfuta, da gem ɗaya da ba ya buƙatar intanet, da littafi biyu da ba ka fara ba.

Mataki na bakwai: jiki da mutanen gida

Kowane minti 20 ɗaga ido ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Tashi daga kujera kowace awa. Tafi masallaci da ƙafa, wanda ya ɗan fi nisa ma in da hali. In ido ya fara yaji ko kai na sara da yamma, je a auna maka ido, kada ka sayi tabarau a bakin hanya.

Sai maganar da ba a cika faɗa ba. A Zango, saurayin da ke kulle a ɗaki da laftof har tsakar dare, ana iya fara raɗe-raɗin “sakawa” yake yi, wato damfara ta intanet. Wannan yana ɓata suna, yana kuma iya taɓa maganar aure. Zaunar da Baba da Mama ka nuna musu aikinka, ka faɗa musu sunan kamfanin da lokacin tashinka. Bar ƙofa a buɗe in kana wasa. Mai iyali ya sanar da maiɗakinsa darensa na gem tun farkon mako, ya kuma tabbata ita ma tana da nata lokacin da yara ke hannunsa.

Lokacin da tsarin zai karye

Zai karye, musamman makon miƙa aiki da watan azumi. Yanke tun yanzu abin da za a fara sadaukarwa: gem ne farko, sai karatu ya ragu zuwa shafi biyar, barci shi ne na ƙarshe da za a taɓa. A azumi, asham da sahur sun riga sun cinye tazarar bayan isha, don haka mafi sauƙi a naɗe na'urar a sa a kwali har bayan salla.

Akwai kuma inda abin ya wuce tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar gem cikin kundin cututtukanta a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamominta uku: mutum ya kasa sarrafa yawan wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Amma in kana ɓoye awanninka, kana makara aiki, salla na kuɓuce maka, ko ka ci bashi don sayen kayan gem, miƙa na'urar ga yayanka ya riƙe maka wata guda, ka kuma ga likita a asibitin da ya fi kusa da kai, su za su tura ka wajen masanin halayyar ɗan'adam.

Ga sauran mutane, zama ɗaya a mako ya isa. Ranar Lahadi bayan la'asar, ɗauko takardar nan ta mataki na farko, ka sake duba abin da waya da na'ura suka ƙirga, ka rubuta shafin da ka kai a littafi da ƙarfe nawa ka riƙa kwanciya. Zaɓi abu ɗaya tak da za ka gyara a mako mai zuwa, ka aika wa abokan wasanka darenka uku kafin a kira magariba.